Zomanyar Inna Kande ta Gwaram

Kai, ɗan gidan Audu, saki fiffiken nan! Haka ake kama tattabara, kamar ka damƙi ɓarawon akuya? Ɗora tafin hannunka a bayanta, ƙafafun su shiga tsakanin yatsunka. Yawwa. Mayar da ita kwando.

Na ji abin da kuke faɗa ɗazu a gindin tsamiya. Kada ku ga haƙorana sun zube ku ɗauka kunnena ma ya bi su. Wai sana'ar Baba Tanko ta ragwaye ce: ka watsa gero, ka miƙe ƙafa, tattabaru su yi ta ƙyanƙyasa kai kana gyangyaɗi. To madalla. Tunda kasuwa ba ta cika ba tukuna, ku matso ku ji. Aikin da ya fi kowanne ba ni wuya a sana'ar nan ba ma na tattabara ba ne, na wata zomanya ce a Gwaram. Amma ba za ku gane shi ba sai kun san inda na koyi aiki.

Kwasar kashi, shi ne aikin farko da Kawu Barau ya ba ni a Kangire. Ƙanen mahaifiyata ne, dogo, marar yawan magana, ga saurin hannu in ka yi shirme. Ɗakin tattabarunsa na jar ƙasa ne, an lilliƙa tsofaffin tukwane a bango tun daga ƙasa har kusa da jinka, kowace tukunya da masu ita. Da sassafe zan shiga da sakaina da tsintsiya in kankare, in barbaɗa toka saboda ƙuma, in sauya ruwan kasko in jefa ɗan gutsuren kanwa a ciki. Kashin ma ba a zubarwa, masu albasa na fadama ne ke zuwa su ɗiba. Damina ta wuce, kaka ta wuce, rani ya shigo, Kawu bai bar ni na taɓa tsuntsu ko ɗaya ba. Ranar da na gaji na ce, "Kawu, yaushe zan fara koyon aikin?"

Ya nuna wata tattabara da baki ya ce, "Wane ne mijin waccan mai baƙin wuya?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Kullum kana cikin ɗakinsu, ba ka san wa ke auren wa ba? Koma ka zauna."

Na koma na zauna, raina a ɓace. A zaman nan na fara ganin abin da yake gabana tuntuni. Namiji ne ke kumbura wuya yana juyi yana jan wutsiya a ƙasa. Akwai mafaɗata, akwai matsorata, akwai wadda in mijinta ya mutu sai ta koma bakin tukunya ta takure, ta daina sauka cin hatsi. Irin wannan ita ce Kawu ke yi wa aiki da abin da yake kira kwandon zance. Kwando ne dogo na tukurwa, a tsakiyarsa an yi shinge na siraran karare, ta yadda na wannan gefe zai ga na wancan, ya ji warinsa, amma baki ba zai kai ga ido ba. Sai a sa gwauruwar a gefe guda, sabon namiji a ɗaya gefen, a kai su inda ba ɗakinta ba kuma ba nasa ba. Kawu ya ce in ka jefa mata baƙo cikin tukunyarta, ba miji take gani ba, ɗan fashi take gani, kuma za ta fasa masa kai. Kayan aikinmu kaf ba su wuce wuƙar feren tukurwa da basilla da igiyar rama ba. Wuƙar nan da kuke gani a ƙuguna tasa ce, Allah ya jiƙansa, ta cinye har ta koma kamar tsinke.

Bayan rasuwarsa na dawo nan Birnin Kudu da tattabarun da ya bar mini. Zamanin nan kuwa, ku bari kawai. In la'asar ta yi sanyi aka buɗe ɗakuna, sai ka ga sama ta rufe a kan duwatsun can, kuma kowa ya san nasa a cikin garken. Ranar kasuwa ba na samun sukunin shan fura. Malami ya zo neman farare tas don sadaka. Magidanci ya zo a guje, matarsa ta sauka, yana neman 'yan shila a yi mata romo. 'Yan Fulani mata su ajiye ƙwaryar nono su ɗauki biyu. Matan kulle kuwa tsofaffi suke aikowa, kuma su ba don ci suke saye ba, so suke su ji motsin wani abu mai rai a tsakar gida in maigida ya fita. Su ne suka fi kowa wuyar sha'ani. A dawo maka da tattabara bayan kwana biyu a ce wai ba ta da fara'a.

Sai shekarar ciwo ta zo. Daga wajen Sara aka fara jin labari, wai kaji na faɗuwa. Kafin wata ya mutu abin ya shigo gari. Da safe ka ga tsuntsu lafiya lau, da azahar wuyansa ya murɗe yana kallon sama, kafin magariba ya sandare. Babu abin da ban yi ba. Na jiƙa ɓawon maɗaci, na daka tafarnuwa da barkono, na ƙona tsofaffin tukwane na sa sababbi, na kai wa malamai sadaka. Da kwando nake kwasar su ina kaiwa bayan gari ina binnewa, har da jikokin waɗanda Kawu ya rene da hannunsa. Ranar da na shiga ɗakin na ji tsit, babu ko kukan guda ɗaya, wallahi na zauna a ƙasa na yi kuka, ga ni da gemu. Ruwan sama ma bai yi kirki ba a shekarar. Na koma saƙa akurki, to wa zai sayi akurki a garin da babu kaza?

Ina zaune a nan inda nake yanzu, da akurkai a gabana ba mai ko taya su, sai ga wani mutum siriri da allura soke a hularsa. Ya yi sallama ya ce shi ne Malam Ilu, maɗinki daga Gwaram.

Ya ce, "Kai ne Tanko na Barau, mai haɗa tattabaru aure?"

Na ce, "Ni ne, amma amaren duk sun mutu."

Ya ce, "Ba tattabara ba ce. Zomo ne."

Na ce, "Malam, wajen maharba za ka. Ni ban san zomo ba sai a cikin miya."

Bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya ba ni labari. Maƙwabciyarsa ce, wata tsohuwa, Inna Kande. Ɗanta guda ne a duniya, Habu. Matar Habu ta rasu wajen haihuwa, ita da abin cikin, zaman garin ya gagare shi, sai ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja neman goro. Kafin ya tafi ya shiga Kano, ya dawo wa uwarsa da fararen zomaye biyu, mace da namiji, irin waɗanda Larabawa ke ƙetaro hamada da su. Ya ce ta riƙe su su ɗebe mata kewa har ya dawo. Damina biyu ke nan babu shi babu labarinsa. Kwanan baya muzuru ya haura katanga ya ɗauke namijin. Tun ranar macen ta koma lungu ta daina cin abinci sai ɗan tsakure. Ita kuma tsohuwar ta sa wa ranta cewa amana ce, in ta bari wannan ma ta mutu, da wane ido za ta kalli ɗanta? Zomanya ta ci, ta ci. Zomanya ta ƙi, ita ma ta ture ƙwarya.

Malam Ilu ya ce, "Tun muna yara take ba mu ɗumame. In aka bar ta haka, ba za ta ga kaka ba."

Washegari muka bi ayarin masu zuwa Gwaram, don lokacin ba a bin hanyar nan mutum ɗaya saboda mahara. Na tarar da Inna Kande zaune a ƙofar ɗakinta, ƙasusuwan wuyanta duk a waje. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ilu, wannan ma wani maharbin ne? In shi ne, ya koma inda ya fito."

Ashe kafin a zo wurina an riga an yi ɓarna. Samarin unguwa, don tausayi, suka fita da karnuka da raga suka kamo zomon daji da ransa, ƙato, suka zo suna murna suka jefa shi cikin ɗakin zomanyar suka rufe ƙofa. A ganinsu zomo ai zomo ne. Kafin a yi sallar la'asar ya tsaga mata kunne da ƙafar baya, shi kuma ya yi ta dukan bango da kai yana neman hanyar fita har ya mutu. Kuma ban ga laifinsu sosai ba, in ban da na Inna, duk ƙasar nan babu wanda ya taɓa ganin zomon gida.

Na leƙa na ga zomanyar a bayan randa. Fara ce sol, idanu jajaye, gajerun ƙafafu, kunne ɗaya a tsage ƙudaje na bi. Na wanke ciwon da ruwan ɗumi na shafa man kaɗanya. Na sa aka samo ganyen dankali da ɗanyar harawa, na jiƙa dusa. Ta shinshina, ta ɗan gutsura, ta juya baya. Zaman da ta yi shi ne irin zaman gwauruwar tattabara a bakin tukunya, ban ga bambanci ba ko kaɗan.

Na ce, "Inna, ba ciwo ne ke cin ta ba, kaɗaici ne. Sai an samo mata irinta, kuma irinta sai Kano."

Ta ce, "To me kake jira?"

Haka kawai, kamar Kano ƙofar gida ce. Amma tausayi ya riga ya kama ni, kuma gaskiya hannuna ya gaji da zaman banza. Na nuna wa matar Malam Ilu yadda za ta riƙa ba zomanyar ganye a baki kaɗan-kaɗan, safe da yamma, a gaban tsohuwar, don ita ma ta kurɓi wani abu. Zan fita Inna ta kira ni. Ba ta faɗin sunan ɗan, ɗan fari ne. Ta ce, "Ɗan nan, in ka shiga Birnin Kano ka biya zangon fatake. Ka tambayi masu goro ko sun ga yaron nan."

Na bi masu jakunan da ke kai ƙirgi, wato fatar shanu, Kano. A Kano na yi ta yawo ina tambayar mai zomon gida, 'yan birni na yi mini dariyar ƙauyanci, har wani mai sayar da turare ya kwatanta mini gidan wani Balarabe. Maigidan bai ko fito ba da farko. Wata tsohuwar kuyanga ce ke kula da zomayen, ita ta zagaya da ni ta bayan gidan. Kai! Rami ne aka haƙa mai faɗi aka kewaye da katanga, ga su nan birjik, farare da baƙaƙe da masu ruwan toka, suna shiga ramuka suna fita, suna kwance a kan juna. Na ba ta labarin zomon dajin da aka jefa wa tamu. Ta riƙe baki ta ce, "La ilaha illallahu! Na daji ai shi kaɗai yake kwana a ciyawa. Waɗannan kuwa 'yan dangi ne, ba sa rayuwa su kaɗai. Amma duk da haka, ko a nan, in ka saka baƙo kai tsaye sai sun yi masa jina-jina." Na ji daɗi a raina, don maganar Kawu ce ta fito daga bakin wata a wani gari.

Sayarwa kam Balaraben ya ce ba ya yi. Amma ɗakin tattabarunsa ya rushe da damina, ciwon kuma bai iso gare su ba, tsuntsayen na kwana a kan soro shaho na ɗauka. Na ce zan gyara. Na kwaɓa ƙasa, na jera tukwane, na yi ƙofar da gafiya ba za ta iya shiga ba. Jin kukan tattabaru a kaina kawai ya biya ni. Da na gama ya ce in zaɓi namiji guda. Akwai wani fari ƙato, kyakkyawa, kowa shi zai nuna. Na zauna a bakin ramin tun hantsi ina kallo, na ga ƙaton nan ba ya barin kowa ya ci a kusa da shi. Sai na lura da wani matashi mai ruwan toka, ba shi da wani kyau, amma duk wanda ya kwanta kusa da shi sai ya hau lasar masa kunne. Na ce shi nake so. Kuyangar ta yi murmushi ta ce in gaishe da wanda ya koya mini aiki.

Ranar da zan taso na biya zango. Wani ayari bai daɗe da sauka daga Gwanja ba, ana ta kwance huhun goro ana yayyafa ruwa. Na yi ta tambayar Habu ɗan Gwaram, har aka nuna mini wani dattijo mai kumburarrun ƙafafu yana jingine da mangala. Da na faɗi sunan sai ya gyara zama ya ce, "Kai wane ne nasa?" Daga nan na san amsar. Zazzaɓi ne ya kama shi a hanyar dawowa, bayan sun ƙetare kogin Kwara, a can ya rasu. Dattijon da hannunsa ya yi masa wanka. Ya ba ni labarin komai, na saurara har ƙarshe, na yi masa godiya, na ɗauki kwandona.

Dawowar nan ta ba ni wuya. Zomo ba ya son rana, sai in rufe kwandon da jiƙaƙƙen tsumma, in yi tafiya da sanyin safiya, rana ta take in nemi inuwa, in ciro masa ɗanyar ciyawa a bakin rafi. Kwandon a kaina ba nauyi, amma abin da ke cikin ƙirjina ya hana ni cin abinci. Da muka iso Gwaram ban shiga gidan Inna ba sai da na sami Malam Ilu, muka tafi wurin liman na faɗa musu. Liman ya ce ya ga tsohuwar jiya, ko tashi ba ta iya yi sai an kama ta. Ya ce haƙƙinta ne ta sani, ba za a ɓoye mata ba, amma a ɗan saurara abinci ya shiga cikinta tukuna, don in aka faɗa mata a haka, gawa za a ɗauka. Ya dube ni ya ce, "Ka gaggauta aikinka."

To, aikin nan kuwa gaggawa ce ke kashe shi.

Inna ta leƙa kwando ta taɓe baki. "Wannan mai kama da ɓera ka je har Kano ka ɗauko? Mijinta na da fari ne tas." Sannan ta ce, "Masu goro fa?"

Na sunkuyar da kai ina kwance igiya na ce, "Inna, bari mu fara da wannan, rana na dukansa."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce in saka shi ɗakin. Na ce a'a, ita zomanyar ce ma za ta fito. Nan fa aka yi ta. Wai na kawo mata baƙo kuma zan kore ta daga ɗakinta, wannan wane irin rashin ta-ido ne? Na ce ɗakin nan nata ne, kowane lungu warinta ne, in ya shiga za ta ɗauke shi ɓarawo. Malam Ilu ya ba mu wani ɗaki a gidansa da yake ajiye auduga, inda ƙafar zomo ba ta taɓa takawa ba. Na share, na zuba sabon yashi daga kogi, na saƙa kwandon zance babba da ya kusa cika rabin ɗakin, shingen tsakiya ninki biyu don haƙori kada ya kai ga hanci. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a bakin ƙofa, don ta rantse ba za ta bar ni da ita ni kaɗai ba.

Ranar farko zomanyar ta yi ta buga ƙafa a ƙasa tana kai wa shinge cizo. Shi kuwa gogan ya juya mata baya yana cin harawarsa. Kullum da safe sai in kwashe ciyawar da ya kwana a kai in mayar gefenta, tata in mayar gefensa. In murje ganyen ɗaɗɗoya a hannuna in shafe shi, in shafe ta, su zama wari guda. Abinci kuma a jikin shingen nake zubawa, nasa ta nan, nata ta can, yadda in za ta ci sai ta matso kusa da shi. Ganin yana ci ya sa ta fara ɗan ja, don kishi ko don yunwa, oho. Inna ma ta fara kurɓar kunu, amma kurɓa biyu ta ajiye.

Liman ya aiko a tambaye ni. Malam Ilu ma in muka haɗa ido sai ya ɗaga gira. Da na ga zomanyar ta daina cizon shinge sai na ce bari in gwada. Na zare shingen, na tsaya da faifai a hannu. Kamar jira take. Ta yi kansa, suka dunƙule, gashi ya tashi fari da toka. Na sa faifan tsakaninsu na raba, don hannu in ka sa sai ka rasa yatsa. Inna ta fashe da kuka.

"Fitar da shi! Fitar da shi, ka fita kai ma! Za ku kashe mini ita, ku duka!"

Raina ya ɓaci, ga gajiya, ga abin da nake ɗauke da shi. Na ce, "Inna, ki yi mini duk faɗan da za ki yi, amma wallahi zomon nan ba ya fita. Duba jikinta, ko ƙwarzane babu. Ita ta kai masa, shi ko ramawa bai yi ba. Wadda ta kwana biyu ba ta iya ɗaga kai, yau ita ce ke kokawa. Ba ki ga ƙarfi ya dawo mata ba?"

Ta share ido da bakin zane ta ce, "Ilu, ka ji ɗan Birnin Kudu na yi mini tsawa a garinmu."

Malam Ilu ya ce, "Inna, a yi masa haƙuri, haka masu tsuntsaye suke."

Na mayar da shinge muka koma farko. Sauya ciyawa, shafa ganye, zuba abinci, zama. Ku da kuke cewa sana'ar zama ce, to ga zaman, ku zo ku yi. Ka zauna daga hantsi har la'asar kana kallon kunnen zomo, tsohuwa na bayanka tana numfashi da ƙyar, kai kuma ka kasa juyawa ka dube ta. Alamar da nake jira ba wasa ba ce, ba shinshina ba ce. Jira nake su manta da juna. Rannan da azahar na ga zomanyar ta zauna tana wanke fuska da hannuwanta, shi yana gefe, ba ta ko kula shi ba. Washegari na tarar sun miƙe, ita ta nan shi ta can, bayansu na jingine da shinge wuri guda.

Da hantsi na yi bisimilla na zare shingen. Na ajiye damin harawa guda a tsakiya, na koma gefe da faifaina. Zomanyar ta tsaya. Ta tako a hankali, wuya a miƙe, har ta iso gabansa. Na ji Inna ta kama rigata ta baya. Sai zomanyar ta kwantar da kai ƙasa ta tura shi ƙarƙashin haɓarsa, ta tsaya cik. Ya ɗan jima kamar mai shawara, sannan ya hau lasar goshinta, ya gangaro kan tsagaggen kunnen nan ya yi ta lasa. Ta lumshe ido. Can suka juya kan harawar, baki da baki, ba ka jin komai a ɗakin sai ƙurus-ƙurus. Ta ci, ta ci, kamar ba za ta daina ba.

Malam Ilu na bakin ƙofa yana ta hamdala. Ni kuwa na san abin da ya rage.

Inna ta saki rigata. Ba ta ɗauke ido daga kan zomayen ba ta ce, "Tanko."

Ranar ce ta fara kiran sunana. Na ce, "Na'am, Inna."

"Tun da ka dawo daga Birni ba ka dubi fuskata ba. Ta ci abinci. Yanzu faɗa mini."

Na dubi Malam Ilu, ya sunkuyar da kai. Na juyo na durƙusa a gabanta na faɗa mata, zazzaɓin, da ƙetaren Kwara, da dattijon da ya yi masa wanka. Ta yi salati, ta maimaita, ta maimaita. Hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. Matar Malam Ilu ta shigo ta zauna ta riƙe ta. 

Can ta ce, "An yi masa salla?"

Na ce, "An yi, Inna. Duk ayarin suka tsaya suka yi masa."

"A dajin suka bar shi? Shi kaɗai?"

Na ce, "A'a. Su uku ciwon ya ɗauka a zangon nan, shi da abokan tafiyarsa biyu da suke cin tuwo ƙwarya guda. A gindin wata kuka aka sa su, a jere, shi ne a tsakiya."

Ta ja dogon numfashi ta ce, "To, alhamdu lillahi. Tun yana ƙarami ba ya iya kwana shi kaɗai."

Sannan ta miƙa hannu ta ce, "Ilu, ba ni kunun nan."